Hannun Wa Ke Riƙe da Wuƙar?

Wata ranar Lahadi a ƙarshen damina, bayan an tashi daga sujada jama'a suna watsewa, sai na tarar da wani dattijo daga cikinmu yana jirana a bakin ƙofa. Tela ne, ya fi shekara arba'in yana taka keke a wata rumfa kusa da kasuwar Kilomita Biyar, a nan Bangi. Ya ce, "Malam, in kana da sarari ina so mu zanta." Na ce, "Bismilla, Baba." Muka sami inuwa muka zauna.

Labarin rashin lafiyarsa ba baƙo ba ne a gare ni. Ya yi wata uku yana tari, har ya fara ganin jini a kakinsa. Kowa ya ɗauka tarin fuka ne, wanda ake kira tibi, gama shi muka saba gani. Aka auna kakin, ba a sami ƙwayar cutar ba. Da aka ɗauki hoton ƙirjinsa sai aka ga wani tabo a saman huhunsa na dama. Ɗansa da ke aiki a Faransa ya kai hotunan wurin wani likita a can, likitan kuwa ya ce ciwon daji ne, amma da alama bai yaɗu ba, in an hanzarta ana iya cire sashen da ya kamu. Ɗan ya ci bashi ya shirya masa tafiya.

Baba ya dube ni ya ce, "Malam, yaron nan ya ce mini wai ba mutum ne zai yanka ni ba, mutum-mutumi ne. Tun ina ƙarami aka koya mini kada in miƙa kaina ga abin da hannu ya ƙera. Yanzu da furfurata zan je in kwanta a gaban ƙarfe, in ba shi ƙirjina? Wannan ba zunubi ba ne?"

Ban ba shi amsa a ranar ba, domin ba ni da ita. Na roƙe shi ya ba ni mako guda. A cikin makon na yi tambaya wurin masu aikin asibiti, na karanta abin da na iya samu, na kuma koma ga Maganar Allah. Abin da na tarar shi nake so in shimfiɗa a nan, gama tambayar Baba za ta zo wa waɗansunmu, ko yau ko gobe.

Yadda aikin yake

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mahauta ya ga huhu, ya san ba dunƙule guda ba ne, a rarrabe yake. Na mutum ma haka Allah ya yi shi. Huhun dama kashi uku ne, na hagu kashi biyu, gama zuciya ta ci wuri a wannan gefe. Kowane kashi yana da nasa bututun iska da nasa jijiyoyin jini. Saboda haka in ciwo ya kama kashi ɗaya, likita yana iya ɗaure jijiyoyinsa da bututunsa, ya yanke shi ya fitar, sauran huɗun su ci gaba da aiki. Mutum zai rayu, ko da yake numfashinsa zai ɗan ragu.

A dā, kafin likita ya kai ga huhu, sai ya tsaga gefen ƙirji tsawon da ya kai taƙi ko fiye, ya sa wani ƙarfe ya buɗe tsakanin haƙarƙari domin hannunsa ya shiga. Har yanzu ana yin haka a wurare da yawa, aiki ne mai kyau da ya ceci dubban rayuka, sai dai zafinsa yakan daɗe. A farkon shekarun 1990 likitoci suka koyi shiga ta ƙananan kafofi, da kamara da dogayen almakasai, suna kallon aikinsu a allo kamar na talabijin.

Daga nan na'urar da Baba ya ji labarinta ta fito. Wadda ta fi shahara sunanta da Vinci, wani kamfani a Kalifoniya ta Amurka ne yake ƙera ta, hukumar Amurka kuwa ta yarda a yi aiki da ita a shekarar 2000. A shekarar 2002 wata likita mai suna Franca Melfi, tare da abokan aikinta a birnin Pisa na ƙasar Italiya, suka ba da rahoton cire kashin huhu da ita. Na'urar tana da hannuwa huɗu na ƙarfe. Ana huda ƙirji wurare kaɗan a tsakanin haƙarƙari, kowace kafa kamar faɗin yatsa. Hannu ɗaya yana riƙe da kamara, sauran suna riƙe da almakashi da hantsaki da abin ƙona bakin jijiya. Bakin kowannensu yana lanƙwasa yana juyawa kamar wuyan hannun mutum.

Likita kuwa yana nan a cikin ɗakin, zaune a gefe, ya sa fuskarsa a wani akwati inda yake ganin cikin ƙirjin an ƙara masa girma har wajen sau goma. Yatsunsa suna cikin waɗansu maɗaukai, ƙafafunsa suna kan matakai. In ya motsa yatsa, almakashin ya motsa. In ya tsaya, ya tsaya. In hannunsa ya yi rawa, na'urar takan tace rawar. Kusa da majinyacin akwai wani likita a tsaye, da mai ba da maganin barci, da masu jinya. In babbar jijiya ta fashe, sai a janye na'urar a buɗe ƙirji da hannu kamar yadda aka saba. Amfaninta shi ne raunin ƙarami ne, majinyaci yakan tashi da wuri ya koma gida bayan 'yan kwanaki. Amma gaskiya ita ce, likitan da ya gwanance da kamara da dogayen almakasai yakan sami sakamako kusan iri ɗaya ba tare da ita ba, ita kuwa tsada gare ta ƙwarai.

Mutum-mutumi ko keken ɗinki?

Da Lahadi ta zagayo na kwashe duk wannan na faɗa wa Baba. Ya yi shiru yana saurare. Da na kai wurin yatsu da matakai sai ya yi murmushi ya ce, "Ashe keke ne." Na ce, "Ka ga, Baba, kai ka riga ni ganewa."

Sunan da muka ba abin nan shi ya tsorata shi. A Hausa mutum-mutumi shi ne abin da aka siffanta da kamannin mutum, kamar wanda ake kafawa a gona domin korar tsuntsaye, ko wanda aka sassaƙa aka girke a dandali. Daga nan zuwa gunki taki ɗaya ne. Mai bi da aka yi masa tarbiyya a kan dokar farko da ta biyu, dole gabansa ya faɗi in aka ce ya sa ransa a hannun irin wannan. Tsoron Baba tsoro ne mai asali, bai kamata a yi masa dariya ba.

Amma me ke mai da abu gunki? Itace da ƙarfe ba su da laifi. Abu yakan zama gunki sa'ad da mutum ya ɗora masa begen da ya kamaci Allah, yana tsammani yana da iko na kansa. Kayan aiki kuwa ba ya neman wannan. Wanda ya kawo wa Baba yadi, bai taɓa cewa keke ne ya ɗinka masa riga ba. In ɗinkin ya yi kyau tela ake yaba wa, in ya karkace tela ake nema. Keken ya sa allura ta yi sauri, layi ya miƙe, amma ido da hankali da amana na telan ne. Haka na'urar tiyata take. Ba ta san majinyaci ba, ba ta san ciwo ba, ba ta yanke shawarar inda za a yanka. Dogon hannu ce kawai da aka ƙara wa likita.

Littafi Mai Tsarki bai taɓa ƙyamar gwanintar hannu ba. A Fitowa sura 31 an nuna mana cewa Allah ne da kansa ya cika Bezalel da hikimar aikin zinariya da tagulla da itace. A sura ta gaba kuma, da irin wannan gwaninta ta ƙira aka yi ɗan maraƙin zinariya. Sana'a ɗaya ce, ƙarfe ɗaya ne, abin da aka nufa da su ne ya raba. Wanda ya ba maƙeri basirar ƙera fartanya, shi ya ba wani basirar ƙera almakashin da ke shiga tsakanin haƙarƙari.

Wani zai ce, to, yau likita ne ke tuƙa ta, gobe fa in ta koyi yi da kanta? Tambayar tana kan hanya. A shekarar 2022 masana a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka sun gwada wata na'ura da ta ɗinke hanjin aladu kusan ba tare da an riƙe mata hannu ba. Ko da ranar ta zo da za a yi wa mutane haka, shari'ar ba za ta sake ba. A Fitowa sura 21 akwai doka a kan sa mai tunkuyi. In mai shi ya san halinsa bai tsare shi ba, har ya kashe mutum, alhakin yana wuyan mai san. Wanda ya ƙera na'ura, da wanda ya saya, da wanda ya sake ta a kan majinyaci, su za su amsa a gaban mutane da gaban Allah. Ranar da likita zai ce, "Ba ni ba ne, na'ura ce," ran nan ne ta fara zama gunki, domin an ɗora mata abin da ba za ta iya ɗauka ba.

Ina ya kamata bege ya zauna?

Akwai kuskure na biyu, kishiyar na Baba, wanda na fi gani a wurin samari. Su ba sa tsoron na'ura, sun gaskata da ita ne fiye da kima. A ganinsu duk wanda ya isa Turai ya shiga ƙarƙashin hannuwan nan huɗu ya tsere wa mutuwa. Wannan ya fi tsoron Baba kusa da bautar gumaka.

A littafin Tarihi na biyu, sura 16, an ba da labarin sarki Asa da ya yi ciwon ƙafa mai tsanani. Laifin da aka kama shi da shi, ya nemi masu magani ya bar neman Ubangiji. Neman maganin kansa ba a hana ba, gama Luka da ya rubuta mana Bishara likita ne, Ubangijinmu kuma ya kwatanta kansa da likita. Abin da aka tsawata shi ne a sa magani a mazaunin Allah.

Tarihin tiyatar huhu ma yana koya mana wannan. A watan Afrilu na 1933, a birnin St. Louis na Amurka, Dokta Evarts Graham ya cire huhu guda cur daga ƙirjin wani mai ciwon daji, mutumin kuwa ya warke. Ba a taɓa yin nasara a irin wannan aiki saboda ciwon daji ba kafin ranar. Majinyacin shi ma likita ne, sunansa James Gilmore. A shekarar 1950 Graham da wani ɗalibi mai suna Ernst Wynder suka buga binciken da ya nuna dangantakar shan taba da ciwon dajin huhu. Graham kansa ya daɗe yana shan taba. Ya bari, amma a shekarar 1957 ciwon dajin huhu ya kashe shi. Mutumin da ya yi wa aiki ya rayu bayansa har zuwa 1963. Gwanin da ya buɗe wa duniya hanyar bai iya bin ta ya tsira ba. Likita yana yanka yana ɗinkewa, amma haɗuwar nama da komowar numfashi ba a hannunsa suke ba. Farawa sura 2 ta gaya mana daga inda numfashin mutum na fari ya fito, har yau kuwa ba a sami wata mafita ba.

Na ce wa Baba, "Ka tafi. Ka yi addu'a domin likitan, gama hannunsa ne zai taɓa ka. Ka gode wa Allah saboda keken da aka ba shi. Ranka kuwa ka bar shi inda yake tun fil azal." Na ɗauka magana ta ƙare. Ashe ba ta ƙare ba.

Tambaya ta biyu

Baba ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, wannan na ji. Saura guda. Ka tuna da maƙwabciyata mai ƙosai?"

Na tuna da ita sarai. Musulma ce, mijinta ya rasu a rikicin da ya auka wa garin nan a 2013 da 2014, ya bar ta da 'ya'ya uku. Tibi ya kama ta. Ta fara shan magani, bayan wata biyu ta ji sauƙi. Zuwa karɓar magani yana cinye mata safiya, safiya kuwa ita ce kasuwar mai ƙosai, ga maganin yana sa yunwa, ga bakuna uku suna jira. Sai ta bari. Ciwon ya komo da ƙarfi, ta rasu a shekarar da Baba ya fara nasa tarin.

Ya ce, "Ita ba ta kai arba'in ba, ba ta taɓa sa taba a baki ba. Ni na haura sittin, na sha taba shekara talatin da hannuna. Ita ƙwayoyin magani kawai take bukata, ba ta samu yadda ya kamata ba. Ni kuwa za a sa ni a jirgi a kai ni wurin na'urar da kuɗinta zai ciyar da unguwar nan. Da wane ido zan dubi marayunta in na dawo?"

Wannan tambaya ta fi ta farko nauyi, ba ni kuwa da amsar da za ta share ta. Bari mu dubi lissafin yadda yake. Na'urar da Vinci guda takan kai wajen dala miliyan 2, wato fiye da sefa biliyan 1, ban da kuɗin gyara da na almakasan da ake sakewa bayan an yi aiki da su 'yan lokuta. Maganin tibi na wata shida, na mutum ɗaya, bai kai dala 50 ba a farashin da hukumomin duniya suke saye, a nan kuma kyauta ake ba da shi. Tun 1882 Robert Koch ya gano ƙwayar cutar, tun shekarun 1940 aka fara samun maganinta. Duk da haka Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya cikin ƙasashe 30 da tibi ya fi yi wa nauyi. A shekarar 2015 wani kwamitin masana da mujallar likitoci ta Lancet ta kafa ya ƙiyasta cewa mutum biliyan 5 a duniya ba su da hanyar samun tiyata mai aminci wadda za su iya biya.

Mu mazauna Bangi mun ga wannan da idonmu. A ƙarshen Nuwamba na 2015 Fafaroma Faransis ya zo garin nan. Ranar 29 ga wata ya buɗe Ƙofa Mai Tsarki a babbar majami'ar Bangi, washegari ya shigo unguwarmu har babban masallaci, a lokacin da mutane da yawa ba sa iya ƙetare iyakar Kilomita Biyar, ya tuna mana cewa Kirista da Musulmi 'yan'uwa ne. Ya kuma ziyarci asibitin yara. A jirgi yana komawa ya gaya wa 'yan jarida cewa ya tarar da yara a ɗakin masu tsananin ciwo babu kayan ba su iskar oksijin. Daga baya ya sa asibitin yara na Bambino Gesù da ke Roma ya kawo taimako, a shekarar 2019 kuma aka buɗe sabon sashen kula da yara masu tamowa. Ku duba fa, a shekarar da ake cire kashin huhu ta kafa mai faɗin yatsa a wata nahiya, a nan iskar da yaro zai shaƙa ce ta gagara.

To, ko sai mu la'anci na'urar? Sai mu yi hankali. A Yohanna sura 12, wanda ya yi gunaguni cewa da an sayar da turaren an ba matalauta, ba ƙaunar matalauta ce ta sa shi magana ba. Sau da yawa hassada takan sa rigar adalci. Hoton ƙirji da allurar rigakafi ma a farkonsu na 'yan kaɗan ne, yau ga su a ƙauyuka. Na'urar ma ta fara shigowa nahiyarmu. An kafa ta a wani asibiti a Pretoriya ta Afirka ta Kudu a 2013, a 2023 kuma aka buɗe cibiyar koyar da irin wannan tiyata a Kigali ta Ruwanda. Ba laifi ba ne ɗan Afirka ya koye ta, ba kuwa laifi ba ne ya warke ta wurinta. In Baba ya ƙi tafiya ya mutu, numfashin da ya bari ba za a ba maƙwabciyarsa ba, marayunta kuma sun rasa wanda yake ɗinka musu kayan salla kyauta.

Amma akwai tsari. Ba a ɗora jinka kafin a tsai da bango. Ƙasar da wutarta daga Bowali take zuwa tana ɗaukewa, wadda masu tari suke mutuwa a cikinta saboda rashin mai bin sawunsu, in shugabanninta suka fara da sayen na'urar biliyan domin a yaba musu, sun yi zunubi, ko da na'urar tsarkakakkiya ce. Haka kuma babban da ya saba hawa jirgi da kuɗin jama'a duk sa'ad da kansa ya sara, ba zai taɓa jin zafin asibitin da ya bari a baya ba. Ikkilisiya tana da hakkin faɗin wannan, da ladabi, amma ba da rawar murya ba.

Tafkin Betasda

Da sauƙi a nuna shugabanni da yatsa. Maganar Baba ni ta soka, dole kuwa in faɗi abin da ya sa.

A Yohanna sura 5 akwai mutumin da ya shekara 38 yana fama da rashin lafiya, yana kwance a bakin tafkin Betasda. Ruwan warkarwa yana gabansa, taki kaɗan ne tsakaninsu. Da Ubangiji ya tambaye shi, bai yi kukan rashin ruwa ba. Kukansa shi ne ba shi da wanda zai sa shi a ciki. Maƙwabciyar Baba a bakin tafki ta mutu. Maganin yana nan, kyauta ne, tafiyar ba ta kai awa guda ba. Abin da ta rasa mutum ne, wanda zai tsare mata kasko da safe, ko ya kawo wa yaranta kwanon abinci, ko ya tambaye ta kowace rana ko ta sha na yau.

Ni kuwa ta ƙofar gidanta nake wucewa kowace safiya in tafi koyar da masu shirin baftisma. Na ji tarin. Nakan gaishe ta daga nesa in ƙara sauri. Na gaya wa kaina cewa ba 'yar garkena ba ce, tana da nata mutane, kada a ce katikis yana shiga gidan gwauruwar Musulmi da wata manufa, a unguwar da raunukanta ba su gama warkewa ba. Waɗannan dalilai ba ƙarya ba ne ɗungum. Amma a ƙarƙashinsu akwai wani da ban so in duba ba, wato ina tsoron in ɗauki cutar in kai wa 'ya'yana. Da na aiki matata, ko na gaya wa matan zumunta, ko na yi wa limamin layinsu magana, da an sami hanya. Ban yi ko ɗaya ba. Na karanta wa ɗalibaina misalin Basamariye sau da yawa, ban lura ba cewa ni ne Balawen da ya ratse ta wancan gefe.

A ranar 7 ga Satumba 2001, wani likita Bafaranshe mai suna Jacques Marescaux ya zauna a birnin New York ya cire maɗaciyar wata mata da ke kwance a Strasbourg ta Faransa, teku a tsakaninsu, nisan fiye da kilomita 6,000. A shekarar 2025 wani likita a Florida ta Amurka ya yi wa wani mai ciwon daji aiki a Luwanda ta Angola ta irin wannan hanya. Hannun ɗan adam ya yi tsawo har ya ƙetare teku. Nawa hannun bai ƙetare kwata guda ba. Masu ƙira za su iya ƙara wa hannu tsawo da ƙarfi da natsuwa, amma ba a ƙera na'urar da za ta sa mutum ya so miƙa shi ba. Wannan aikin alherin Allah ne a cikin zuciya, shi kuwa muke roƙo.

Abin da na iya ce wa Baba ke nan: "Warkewarka ba sata ba ce, Baba, amma bashi ce. Wanda aka ƙara wa kwana, an ƙara masa ne domin waɗansu. Ni ma ina da nawa bashin, tare za mu biya."

Bayan dawowa

Baba ya tafi, aka yi aikin, aka cire kashin sama na huhunsa na dama. Ya ce likitan ya zo ya gaishe shi kafin a sa shi barci, ya kuma nuna masa yatsunsa. Bayan wata biyu ya dawo da 'yan tabo huɗu a gefen ƙirji. Yakan yi haki in ya yi sauri. An ce masa sai an yi shekara biyar ana dubawa kafin a ce ciwon ya tafi, shekarun kuwa ba su cika ba. Ba mu san abin da gobe za ta kawo ba, shi ma ya san haka.

Ya koma rumfarsa. Babban ɗan marigayiyar yana zaune kusa da shi yanzu yana koyon taka keke. Mu kuma a ikkilisiyarmu mun ɗauki wata 'yar al'ada. In muka ji wani a layinmu ya fi mako biyu yana tari, Kirista ne ko Musulmi, sai mutum ɗaya ya raka shi a auna kakinsa. In tibi ne, sai a sa wani ya riƙa leƙa shi har wata shidan su cika, matan zumunta kuma su taimaka da abinci, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mun koyi cewa wanda ya yi 'yan makonni yana shan maganinsa daidai, da wuya ya sa wa wani, in kuma ana zama a sarari ko a buɗe taga, hatsarin yana raguwa. Da na san wannan da wuri, da tsorona bai yi mini sarauta ba. Masu shan taba a cikinmu kuma ba mu bar su su huta ba, Baba ne ma yake fi kowa damunsu.

Ya ɗan'uwa mai karatu, mai yiwuwa ba za ka taɓa ganin na'urar nan da idonka ba. In Allah ya kai ka gabanta wata rana, kada ka ji tsoro, ka tambayi sunan likitan da zai riƙe ta, ka sa shi a addu'a. Kafin ran nan kuwa, ka kasa kunne yau da dare. In ka ji tari ta bayan katangarka, ka tashi da safe ka je ka yi sallama.

Ubangiji wanda ya ba mu numfashi, ya ba likitoci basira da tsoronsa, ya ba shugabanninmu tausayi, ya kuma gafarta mana ƙofofin da muka wuce. Amin.